Mai jinya mai kwana gida ga tsoho mai gigin tsufa: yadda aikin yake a Maradi

Idan gigin tsufa ya kama uwa ko uba a Maradi, abin da aka saba yi bai wuce uku ba. Ko a riƙa yawo da tsohuwa gidajen ƴaƴanta, wata biyu a unguwar Zariya, wata biyu a unguwar Ali Ɗan Sofo, ko a jibga wa matar ɗa guda nauyin duka, ko a ɗauko jika ƴar shekara 12 daga ƙauye a ce ta riƙa kwana da kakarta. Akwai hanya ta huɗu: a ɗauki babbar mace, ko namiji idan uba ne, a yanka mata albashi, ta tare a gidan, ta kwana ɗaki guda da mara lafiya. A ganina wannan ta fi sauran ukun nesa ba kusa ba. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, domin mutum ɗaya ba ya iya ta dare da rana, kuma iyalin da suka ɗauka biyan albashi ya sauke musu komai, kafin a je ko'ina za su ga ɓarna.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Kashi 60 zuwa 70 na masu shi nau'in Alzheimer ke damun su, wanda aka laƙaba wa sunan likitan Jamus da ya fara bayanin sa a 1906. Wani nau'in kuma daga toshewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake, shi ya sa yake bin masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Sabon abu ciwon yake fara ci, ya bar na da. Tsohuwa za ta manta ta ci tuwo yanzun nan, amma ƙafarta ta san hanyar makewayi a gidan da ta shekara 40 a ciki, ko da duhu. In aka ɗauke ta aka kai ta gidan ɗanta mai ƙofofi iri ɗaya, an raba ta da ɗan abin da ya rage mata, sai a fara ganin fitsarin kwance da kukan "ku mai da ni gida". Babban abin da ake saya da kuɗin mai jinya shi ne tsohuwa ta ci gaba da farkawa a ɗakinta, ta ga fuskar da ta gani jiya, a yi mata wanka a lokacin da aka yi mata jiya.

Kafin a ɗauki kowa, a fara kai mara lafiya wajen likita, daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a samu takardar zuwa CHR, babban asibitin jiha, ko asibitin Référence. Akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa alhali suna da magani: ƙarancin bitamin B12, rashin aikin halittar maƙoshi da ake kira tayiroyid, ciwon damuwa, kurumta, yanar ido. Magungunan da ake bayarwa na ciwon kansa, irin su donepezil da memantine, ba sa warkarwa, sauƙi suke kawo wa wasu na ɗan lokaci.

Masu wannan aikin a Maradi da bakin mutane ake samun su: majo, wato shugaban CSI, mai unguwa, matan makwabta. Akwai dattijuwa bazawara daga ƙauyukan Madarunfa, Tibiri ko Gidan Rumji. Akwai ƴan mata da samarin da suka gama makarantar kiwon lafiya ba su samu aiki ba. Ga tsofaffi maza kuma yawanci yaron gida ne ko almajirin da ya girma a unguwa. Dattijuwar ta fi haƙuri, ta san durƙusawa ta gaida babba, ba ta ƙyamar kashi, amma ba ta karanta ordonas, takardar maganin da likita ya rubuta. Mai takardar makaranta ta iya auna tansiyo, wato hawan jini, da suga, sai dai ranar da ta samu aiki a asibiti ta tafi ke nan, wasunsu kuma suna ganin wanki da tsarki ba aikinsu ba ne. Haɗin da ya fi tafiya daidai shi ne dattijuwa ta kwana gida, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙowa sau ɗaya a mako. Wajen zaɓe, a bar ta da tsohuwar rabin awa, a koma gefe a saurara. Tsohuwa za ta tambaye ta "ke ɗiyar wa ce?" sau huɗu ko biyar. Wadda ta amsa ta biyar da muryar da ta amsa ta farko, ita ce mai aikin. Wadda kuma ta nuna tana ganin maita ce ko sammu, a sallame ta da mutunci, domin mai tsoron mara lafiya ba ta iya taɓa jikinsa da tausayi. Addu'a da tofi ba su hana komai ba, amma duka da turnuƙa hayaƙi a rufaffen ɗaki da sunan fitar da iska cutarwa ce.

Inda wannan hidima ta fi nuna amfaninta shi ne wanka da tsarki, wurin da ƴaƴa da surukai suka fi shan wahala saboda kunya. Mai gigin tsufa yakan ƙi wanka don bai gane dalilin da ake tuɓe shi ba, ruwan da ya sauko masa a ka ba zato kuma tsoro yake ba shi. Gwanar mai jinya ba ta cewa "tashi in yi miki wanka". Da hantsi, rana ta ɗan ɗumama tsakar gida, sai ta sirka ruwa ta gwada da gwiwar hannu, ta ajiye kujerar roba mai hannuwa a makewayi, don kujera ƴar tsugunno ta yi ƙasa da yawa, tashi daga kanta ne ke kawo faɗuwa. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ga ruwan alwala na kawo." Alwala tana cikin abubuwan da jiki ke riƙewa har ciwo ya yi nisa. Tsohuwa ta miƙa hannu da kanta, daga hannu a wuce ƙafa, zane yana ɗaure a ƙirji, ana buɗe wuri ɗaya a wanke a rufe. A ba ta soso ta riƙe, duk inda hannunta ya kai ta cuɗa da kanta. Kai ne ƙarshe, da ƙaramin moɗa, bayan an faɗa mata. Sannan a tsane ƙarƙashin nono da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa sosai, a shafa man kaɗe. Ranar da ta ƙi sam, a goge mata jiki da tsumma mai ɗumi a bar ta, gobe ma rana ce. Zuwa makewayi kuwa ba a jiran ta nema: duk awa 2 zuwa 3 a raka ta, da bayan kowane cin abinci, da kafin barci. Gidan da masai na tsugunno ne, kafinta zai iya huda kujera a ɗora bisa bokiti.

Abinci ma aikin zama ne. A zaunar da ita tsaye, kwano ɗaya a gabanta, a kashe rediyo, a ci tare da ita domin ganin hannun wani yana kai loma yana tuna mata yadda ake yi. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tulin tuwo sau biyu. Ruwa shi ne abin da aka fi sakaci da shi, don ƙishirwa ba ta cika damun tsoho ba, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40. Abin nema kofi 6 zuwa 8 a wuni, kusan lita ɗaya da rabi, wato ledar ruwa uku, sai fa idan likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Kunu da fura mai ruwa da kankana duk suna shiga lissafi. Fitsarin da ya yi ja ya yi wari alama ce ruwa bai isa ba. In aka ga tana tari duk lokacin da ta sha ruwa, ko muryarta ta yi kamar mai kurkure bayan haɗiya, haɗiyar ce ta fara lalacewa, abinci yana iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu. A nan a gaya wa likita, a koma abu mai kauri da laushi, a janye ƙuli-ƙuli da gujiya da kilishi, a bar ta zaune rabin awa bayan ci, a kuma duba kumatu ko ta ɓoye loma. Maganar azumi da sallar da ta rikice mata, a tambayi malami. Malamai sun yi bayani a kan wanda hankalinsa ya gushe, kuma bai kamata mai jinya ta riƙa gyara mata raka'a tana tsawa ba.

Da la'asar sakaliya ake gane wadda ta iya. Masu wannan ciwo da yawa hankalinsu yana tashi in rana ta yi sanyi. Hajiya za ta ƙulle tsummokara a ɗankwali, ta saka takalmi, ta nufi zaure tana cewa za ta gida, Innarta na jiran ta. Wadda ba ta san aikin ba sai ta ce, "Haba Hajiya, ai Innarki ta rasu tun tuni, nan ne gidanki." Tsohuwa ta ji mutuwar uwarta sabuwa fil, ta yi kuka, ta manta, gobe a sake. Wadda ta iya kuwa takan karɓi ƙullin ta ce, "Kawo in riƙe miki, Hajiya. Wai Inna wace miya ta fi iyawa?" Su taka tare zuwa bakin zaure su dawo, labari ya ja, ta miƙa mata faifan wake ta tsince ko reshen zogale ta zage. Ba sai an yi mata ƙarya ba, ba kuma sai an yi gardama ba. A kunna fitila tun kafin almuru don inuwa kan zame mata mutane, a rage hayaniyar yara a wannan lokaci, a hana ta shayi da goro daga la'asar.

Dare shi ne raunin wannan hidima, kuma nan ne masu ɗauka suka fi zaluntar ma'aikaciya ba su sani ba. Ciwon yana birkita barci: tsoho ya wuni gyangyaɗi, ƙarfe 2 na dare ya tashi yana neman butar alwala ko makullin shago. Macen da aka tasa sau uku cikin dare, ta kuma wuni tana wanki da ɗauki-sauke, ba ta jimawa haƙurinta ya ƙare. Daga nan sai tsawa, sai kulle ɗaki, sai abin da ya fi muni: a aika wajen masu tallan magani a sayo ƙwayar barci. Diazepam da danginta suna ƙara rikicewa, suna sa jiri, tsoho ya faɗi ƙashin ƙugu ya karye, da yawa daga wannan kwanciya ba sa sake tashi. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin haloperidol ma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu gigin tsufa, likita ne kaɗai ke da ikon ba da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole wani daga cikin iyali ya karɓi kwana biyu a mako, a ba mai jinya awa 2 na barci da rana wani yana zaune, da cikakkiyar rana guda ta hutu kowane mako, wadda dokar ƙwadago ta Nijar ma ta tanada wa ma'aikaci. A sauko da katifa kusa da ƙasa, a bar fitila mai cajin rana a kunne saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, fo na fitsari yana kusa, sange a soke shi da kyau. Da rana a fitar da tsoho ya sha hantsi ya ɗan taka, barcin rana kada ya wuce awa guda. Lokacin ɗari kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki.

Magani ya zauna a hannun mutum ɗaya cikin iyali. Shi zai zuba na mako a akwatin nan mai gida bakwai da ake samu a farmasi, sauran ya kulle, domin mai mantuwa yana iya shan na tansiyo sau uku ya ce bai sha ba. Mai ciwon suga da ya ƙi cin abinci aka kuma ba shi ƙwayarsa, suga na iya faɗuwa ya jiƙe da zufa ya suma, saboda haka a tambayi likita tun wuri me za a yi ranar da bai ci ba. A ajiye littafi a ɗakin: me ta ci, kofi nawa ta sha, ta yi bayan gida ko ba ta yi ba, sau nawa ta tashi. In mai jinya ba ta rubutu, ta aika saƙon murya ta WhatsApp kowane dare.

Abin da masu wannan aiki suka fi kuskurewa, har da masu takarda, shi ne rikicewar farat ɗaya. Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Tsohon da jiya yake gane ƴaƴansa, yau ya tashi yana sambatu ko ya yi lakwas ba ya buɗe ido, wani ciwo ne ya hau kansa: zazzaɓin cizon sauro, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, kwana uku ba bayan gida, ko buguwar kai da ba a gani ba. Tsoho yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Wannan na asibiti ne a ranar, kada a ce "jikin ne ya motsa" a jira. Karkacewar baki, hannu ya saki, magana ta sarƙe, waɗannan ko awa ɗaya ba a jira. A tabbata mai jinya tana da kuɗin waya a salularta da lambar mai adaidaita na unguwa.

Ɓata kuwa, ƙofar zaure a sa mata ƙararrawa da sakata can sama inda ido bai saba kai wa ba. A ɗinka ƙyalle cikin aljihu ko bakin zane mai ɗauke da suna da unguwa da lambar waya. A daina ɓoye ciwon: liman da mai shago da ƴan kabu-kabun bakin layi su sani, su ne za su tare shi. In ya fita, a fara nema inda ya saba zuwa shekarun baya, tsohon gida, rumfarsa ta kasuwa, hanyar gona, kuma a tura mutum bakin Gulbi da babban titi nan take. Ɗaure tsoho da igiya ko kulle shi shi kaɗai yana ƙara masa firgita, in wuta ta tashi kuma babu mafita. Rijiya a rufe, tukunyar gas da wuƙa da ruwan jabel na wanki da maganin ƙwari fiya-fiya a kulle.

Zargin sata yana kashe wannan aiki fiye da ƙarancin albashi. Tsohuwa ta cusa kuɗinta cikin matashi ko ƙasan ƙwarya, ta manta, ta ce "yarinyar nan ta sace". Ciwon ne ke magana. Tun ranar farko a kwashe zinariya da takardun gida da manyan kuɗi, a rubuta abin da ya rage gaban shaida, a bar mata ƴan canji a lalitarta don ta ji tana da abin hannu. Duk da haka ba a rufe ido, domin cin zali yana faruwa. A riƙa shigowa ba sanarwa, a duba damtse ko akwai shatin yatsu, a lura ko tsohuwa tana maƙurewa in mai jinya ta matso, ko barcinta ya yi yawa ba dalili, ko zane ya fara yi mata yawa.

Batun kuɗi ciniki ne, amma akwai ma'auni. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 na sefa ne a wata, kuma wadda ke kwana tana tashi cikin dare ta cancanci fiye da haka, ban da ci da sabulu da maganinta in ta kwanta ciwo. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa, a yi gwajin mako biyu, a fayyace cewa aikinta mara lafiya ne. Gida mai yawa, in ba a faɗa ba, cikin ɗan lokaci za a mai da ta mai wanke-wanke da rainon yara. Mutum ɗaya ya zama mai biya da mai ba da umarni, don ƴaƴan da ke Yamai da Kano kowa ya bugo waya da tasa dokar, ita ce ke shiga tsaka mai wuya. A lissafa da ƙunzugun manya: 3 zuwa 4 a wuni, 90 zuwa 120 a wata, kuɗinsu yana iya kamo albashin. Raka ta makewayi kan lokaci da shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado yana sa a taƙaita su ga dare kawai. A kuma tambaya tun farko ko za ta koma gida noma in ruwa ya sauka a watan Yuni. In za a canza, sabuwa ta yi mako guda tare da ta da kafin ta tafi.

Idan ciwo ya kai tsoho ga kwanciya, lissafin ya sake. Ana juya shi duk awa 2, dare da rana, ana duba dunduniya da ƙugu da ƙashin gindi da kafaɗa. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai a nemi wurin da ya fi sauran duhu, ya yi zafi ko tauri in an taɓa, nan ne gyambon kwanciya ke shirin buɗewa. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya ba ta taɓa katifa, shimfiɗa a bushe ba tattara. Ɗagawa da zane ake yi, mutum biyu, ɗaya kowane gefe, don jan mara lafiya bisa katifa yana saɓule fata, yana kuma kashe bayan mai ɗagawa. A wannan mataki mai jinya ɗaya ba ta isa ba ko kusa. Sai biyu masu karɓa-karɓa, ta rana da ta dare, da ma'aikacin lafiya mai zuwa wanke gyambo in ya buɗe.